Me ya sa kauɗar tumatir ke baƙi?

Mai tambaya, Daura: Masana, tumatirin rani daga yankin madatsar ruwan Dabiram yana yawa, amma kauɗar da ake yi tana baƙi, tana fumfuna. Ina matsalar?

Injiniya, Katsina: Malam, shanya a ƙasa ce. A yanka sirara, kaurin rabin santimita, a cire 'ya'yan da ruwan ciki, a baza kan raga mai tsayin mita 1 daga ƙasa, iska na ratsawa. A na'urar busarwa ta rana kuwa, kada zafin ya wuce digiri 60, in ya wuce launin ya ƙone.

Hajiya mai sarrafa abinci: A tattara kafin magariba, raɓa ce ke kawo fumfuna. Kada a zuba a leda sai yankin ya karye ƙaras.

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya. Cibiyar NSPRI ta Kano, mai binciken adana amfanin gona, na da irin na'urar busarwar.