Wai Yahudawa ma suna da tafsiri?

Ɗan Zariya: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Mutum zai tsinko aya ɗaya ta Attaura daga fassara ya hau yanke hukunci, alhali masu littafin ba haka suke karatu ba. Kashi 54 suka raba Attaura. Kowane mako ɗalibi zai karanta kason makon sau biyu da Ibrananci, sau ɗaya da Targum Onkelos, fassararta ta harshen Aramaik, sannan ya buɗe sharhin Rashi, babban malaminsu. Tafsirinsu hawa huɗu ne: peshat, zahirin magana, remez, ishara, derash, zaƙulo hukunci da darasi, sod, sirri. Duk wanda ya tsallake peshat shirme zai kwaso.

Almajirin Nahawu: Malam, gyara bakinka. Tafsiri na Alƙur'ani ne. Ka ce sharhi.

Malama Ta Jos: Ɗan'uwa, Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayyum ta Masar da ya rasu a 942, ya mayar da Attaura Larabci, kuma Tafsir ake kiran aikin.

Almajirin Nahawu: Wannan fassara ce, Malama. Ina usulin?

Baban Ummi: Usuli akwai. Ƙa'idoji 13 na Rabbi Yishma'el. Ta farko kal wa-homer, kusan ƙiyasin aula. Duba littafin Ƙidaya 12:14 a Attaura, inda Allah ya yi fushi da Maryamu 'yar'uwar Musa: da mahaifinta ne ya tofa mata yau a fuska, kwana 7 za ta yi cikin kunya, balle fushin Allah. Inda ɗalibi ke zamewa shi ne ya ninka ya ce kwana 14. Ƙa'idar dayyo ta hana: hukuncin da aka ciro ba ya wuce na asalinsa, kwana 7 ne dai.

Almajirin Nahawu: To ina usuli a gematriya, wato fitar da ma'ana daga lissafin haruffa? A littafin Farawa 14:14 Ibrahim ya fita da mutum 318, Rashi ya kawo cewa bawansa Eliyezer ne shi kaɗai, don haruffan sunansa 1, 30, 10, 70, 7, 200 sun tashi 318. Hisabi ne wannan.

Malama Ta Jos: Su ma ba duka suka yarda ba. Ibn Ezra, wani mai sharhin nasu, a kan wannan ayar ya ce nassi ba ya magana da gematriya, don kowa zai iya juya kowane suna yadda ya so. Shi ne malamin gaske, mai nahawu.

Baban Ummi: Haba Malama! Rashi na Troyes ta Faransa, wanda ya rasu a 1105, da shi yaro ke fara karatu har gobe. Ibn Ezra ɗin naki sai an nemo masa mai sharhi kafin a gane shi.

Malama Ta Jos: Baban Ummi, kullum inda Rashi yake nan kake.

Ɗan Zariya: Maganata fa a kan masu tsinko aya ce.

Shugaban Zaure: A taƙaice, an tabbatar kalmar tafsiri ta zauna daram, Sa'adiya ya ishe mu hujja. Rashi ne gaba, shi ya sa a bugun Mikra'ot Gedolot, mai haɗa nassi da sharhohin malamansu, ba a taɓa barinsa a baya. Zancen 318 derash ne ya kawo, bai ce zahirin ayar ke nan ba, don haka sukar Almajiri ba ta kama shi ba. Na rufe zaure sai bayan Isha.