Neman shawara: birkin motata ya yi laushi, ruwan lagireto kuma sai raguwa yake

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana mota ku ba ni shawara. Ina da Corolla ƙirar 2006 mai giyar otomatik, ina Kano da ita. Birkinta ya yi laushi, sai na taka na sake takawa sannan yake kamawa sosai, kuma tayar gaba ta dama tana ƙara duk lokacin da na taka. Man birkin ya sauka kusa da layin ƙasa, ya yi baƙi. Ga kuma ruwa: bini-bini sai na ƙara a lagireto, kuma idan na shiga cunkoson Kurna allurar zafi tana hawa, amma a kan babban titi sai ta sauko. Bakaniken unguwarmu ya ce a cire tamostat a haɗa fanka dairek, a ƙara man birki, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba. Ƙarshen wata zan kai iyali Jos, daga can mu wuce Lafiya. Ina da jak da sifanoni, kuma ni nake canza baƙin mai da kaina. Wanne zan iya yi a gida, wanne ne sai gareji? Aljihu ba nauyi, shi ya sa.

Oga Mai Gareji:
Wa alaikumus salam Baban Iman. Kafin ka sayi komai ka riƙe wannan: man birki da ruwan inji ba fetur ba ne, mota ba ta shan su. A rufe suke zagayawa. Duk wanda ya ragu, akwai inda ya tafi, kuma aikinka na farko shi ne gano wurin. Ƙari ba gyara ba ne.

Man birki yana sauka ta hanya biyu. Idan fad ɗin gaba, wato abin da ke matse faifan taya in an taka birki, ya cinye, fistin da ke tura shi yana ƙara fitowa, mai ya bi bayansa, sai ka ga tankin ya ragu a hankali. Wannan ba matsala ba ce, kuma ƙarar da kake ji tana nuna fad ɗin ya kai ƙarshe. Hanya ta biyu ita ce yoyo. Amma cinyewar fad ba ta sa birki laushi har sai an taka sau biyu. Wannan ko iska ce ta shiga layi, ko yoyo, ko lainin ɗin baya, wato takalmin birkin da ke cikin diram ɗin tayar baya, ya yi nisa da diram.

Ka tayar da mota a tsaye, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe kamar rabin minti. In ƙafarka tana nutsewa a hankali, to ko masta, wato babbar silindar da ke tura man birki, ta mutu ko akwai yoyo, kada ka fita titi da ita. Sannan ka leƙa bayan kowace taya da fitila ka ga ko akwai danshi a jikin tiyo ko ƙasan diram. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Ɗan Kurmi:
Maganar tamostat dai bakanikenka ya yi gaskiya. Wannan abin na ƙasashen sanyi ne, mu nan da rana take kaiwa digiri 40 me za mu yi da shi? Duk motar da na saya cire shi nake yi, kuma lafiya lau.

Injiniya:
Ɗan Kurmi, ka yi haƙuri, ba a nan gizo ke saƙar ba. Motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke zuwa. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, a irin wannan Corollar wajen digiri 82, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana komai wucewa. Wato motar da take zafi da lafiyayyen tamostat za ta ci gaba da zafi ko an cire shi, sai dai ta ɗan jinkirta. In kuwa ya maƙale ne a rufe, sabo ake sawa.

Abin da cirewar take jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe da lokacin hunturu. Kwamfutar mota tana ganin injin da sanyi, sai ta riƙa ƙara masa fetur. A tsadar man nan kai da kanka ka sa motarka shan mai. Fanka dairek kuma tana juyawa ko ana buƙata ko ba a buƙata, har injin fankar ya ƙone, kuma ranar da ya ƙone ba abin da zai sanar da kai sai allura.

Baban Iman, bayaninka ma ya nuna inda za a duba. Zafi a cunkoso, sanyi a babban titi: a guje iska ce take sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka ce. Ka kunna AC mota tana tsaye, ya kamata fanka ta tashi. In ba ta tashi ba ka duba fiyus da rile kafin ka zargi fankar. Sai maganar ruwan da ke ɓacewa. Da safe kafin ka tayar, ka duba robar murfin lagireto ko ta tsage, ka duba inda saman lagireto na roba ya haɗu da alminiyom ko akwai farin busasshen abu, ka matsa tiyo na sama da na ƙasa, ka leƙa ƙasan famfon ruwa. Murfin nan da ake rainawa shi yake riƙe matsi, kuma matsin ne yake sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Murfi ya mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana fita ta tankin gefe.

Abin da ba ma fata shi ne lalacewar gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamunsa: farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa tana ta fitowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In ka ga ɗaya daga ciki, aikin ya wuce na gida.

Ɗan Kurmi:
To Injiniya, na ji. Amma ni dai tawa ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Injiniya:
Allah ya sa ta ɗore. Ka dai lissafa litar da take sha.

Maman Sadiq:
Ni ba bakaniƙiya ba ce, amma don Allah Baban Iman kada ka buɗe murfin lagireto mota da zafi, ko da tsumma ne. Ƙanin maigidana haka ya yi a hanya, ruwan ya watso masa a hannu da ƙirji, ya daɗe yana jinya. Sannan in ka juye tsohon kulan, wato ruwan nan mai kala na sanyaya inji, kada ka bar shi a roba a tsakar gida. Yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, yaro ko akuya ko kyanwa za su iya sha. Ina da tambaya ni ma: wai dole ne sai kulan? Ni fiya wata nake zubawa.

Injiniya:
Hajiya, ruwa zalla yana ɗauke zafi sosai, matsalarsa tsatsa da ƙanzo. Ruwan burtsatse da na rijiya suna ɗauke da ma'adinai, in suka sha zafi sai su daskare a cikin siraran hanyoyin lagireto su toshe su. Fiya wata ma bai kuɓuta ba, don tace shi aka yi don sha. Kulan yana da maganin tsatsa da ke kare alminiyom da famfon ruwa. Ki karanta jikin galan: wani an riga an haɗa shi, zubawa kawai za a yi, wani kuma sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na ƙara wa batir. A kula, tataccen ruwan nake nufi, ba mai asid ba. Kada a gauraya kala biyu don an ga duk kulan ne. In za a koma kulan daga ruwa, a fara wanke ciki da ruwa mai tsabta har ya fito fari, ban da garin sabulu. A hanya kuwa in ruwa ya ƙare, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, in an isa gida a canza.

Direban Jos:
Malam Baban Iman, tunda ka ce daga Jos za ka wuce Lafiya, ka san za ka gangara Hawan Kibo. Ni hanyata ce. Wannan baƙin man birkin naka shi ya fi tayar min da hankali, fiye da fad ɗin. Man birki yana jan danshi daga iska, shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Man birki mai lamba DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. A cikin gari ba za ka taɓa gane bambancin ba. A doguwar gangara, mota cike da mutane da kaya, ƙafa a kan birki, nan ne mai zai tafasa ya zama tururi, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai.

Ko ka gyara komai, in ka zo gangarar ka sauke giya zuwa 2, inji ya riƙe motar, ka riƙa taka birki kana saki. Kuma ka ba tireloli hanya.

Ɗan Auta:
Ina bibiya. Oga, wani ya ce min in man birki ya ƙare a hanya ana iya zuba man giya. Haka ne?

Oga Mai Gareji:
Kul, ƙanena. Man giya da baƙin mai da man sitiyari duk suna kumbura robobin birki, sai an canza masta da duk silinda. Abin da aka rubuta a murfin tankin shi za ka saya, a Corolla ɗin nan DOT 3 ne, kuma DOT 4 yana shiga. DOT 5 ne ba ya haɗuwa da su. Ka sayi wanda bakinsa yake a liƙe, ba wanda aka ɗura a gora ba.

Baban Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada. Birkin ba ya nutsewa sosai in na riƙe, amma ƙasan diram ɗin baya na hagu a jiƙe yake, ƙura ta manne. Fad ɗin gaba na dama saura ɗan kaɗan, na hagu ya fi shi kauri. Fanka tana tashi da AC. Robar murfin lagireto ta tsattsage, kuma akwai fari-fari a bakin tiyon sama. Baƙin mai lafiya lau, salansa ba hayaƙi.

Oga Mai Gareji:
Alhamdu lillahi, ka tsira daga gaskit. Yanzu mu raba aikin.

Na baya ka kai gareji. Ƙaramar silindar da ke cikin diram ce take yoyo, ta nan iska take shiga. Za a canza ta, kuma lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, sabo za a sa, hagu da dama tare. Sifirin ɗin cikin diram suna da wuyar mayarwa ga wanda bai saba ba. Tunda an buɗe layi, ka ce a juye tsohon man gaba ɗaya a fitar da iska a tayoyi huɗu, a fara daga ta baya ta dama wadda ta fi nisa da masta. Ka tsaya a wurin ka ga mai yana fitowa garau ba kumfa, kuma kada a bar tankin ya ƙafe ana cikin yi.

Fad ɗin gaba kuwa za ka iya. Wuri mai daɓe, birkin hannu a ja, dutse a bayan tayar baya. Ka sassauta notin taya da sifana mai lamba 21 tun mota tana ƙasa. In ka ɗaga kada ka dogara da jak kaɗai, ka sa ƙarfen tokare, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin mota. Ban da bulo, fashewa yake. Ka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad, ka rataye ta da waya, kada ta yi lilo a jikin tiyo. Ka buɗe murfin tankin mai, ka mayar da fistin ciki a hankali, ka sa ido kada man ya malalo don yana cin fenti. Ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, don in ka rikice ka leƙa ka ga yadda yake.

Wannan da ka ce na dama ya fi cinyewa, kada ka wuce shi. Yawanci sandunan da kalifa take zamewa a kansu ne suka bushe. Ka zaro su ka goge, ka shafa musu giris ɗin birki, ba giris ɗin da ake sa wa boris ba, kuma kada ya taɓa fuskar fad ko faifan. In fistin ya ƙi komawa ko robarsa ta yage, ka tsaya nan ka haɗa da na baya. Ka shafa faifan da yatsa, in ya yi zurfin layi sabon fad ba zai zauna daidai ba. Fad kuma a canza hagu da dama tare. Da ka gama, kafin ka sa giya, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Mutane da yawa a nan suke dukan ƙofar gidansu.

Injiniya:
Murfin kuma ka tafi da tsohon zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, akwai lamba a samansa, 0.9 ko 1.1, ka sayi mai irin lambar. Tiyon sama ka duba abin ɗaurinsa, in tiyon ya kumbura ko ya yi laushi ka canza. Bayan ka zuba kulan, ka bar murfin a buɗe ka tayar da inji daga sanyi, hita a kunne, har tiyon ƙasa ya yi zafi kumfa ta daina fitowa, sannan ka cika ka rufe. Washegari da safe ka sake dubawa. Ka yi kwanaki kana yawo da ita a gari kana lura da tankin gefe kafin ranar tafiya. In allura ta sake hawa a Kurna bayan duk wannan, ka kai gareji a duba ko lagireton ne ya toshe.

Baban Iman:
Na fahimta. Gobe in sha Allahu zan kai ta a yi na baya, Asabar na yi fad ɗin. Oga, tamostat ɗin fa, in ce ya bar shi?

Oga Mai Gareji:
Ya bar shi. Ka ma tambaye shi ko yana ciki, don motoci da yawa ana sayensu an riga an cire. In babu, ka sa a saka tun kafin a zuba sabon kulan, kada ka yi asarar galan biyu.