"Iya ruwa fid da kai": shin ta dace da kociyoyin ƙwallon Amurka?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo ita ce "iya ruwa fid da kai", wadda na fahimta da cewa gwanintar mutum ba ta tabbata sai an ga ya tsira daga hatsarin da ya shiga. Ina so mu gwada ta a kan masu horar da ƙungiyoyin gasar NFL ta Amurka, inda ƙungiyoyi 14 ne ke kaiwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma duk wadda aka doke sau ɗaya ta gama. Marty Schottenheimer ya ci wasa 200 a kakar wasa ta yau da kullum, amma a zagayen ƙwale 5 kawai ya ci, aka doke shi sau 13. A kakar 2006 ƙungiyarsa ta San Diego ta ci wasa 14 cikin 16, sai New England ta biyo ta har gida ta fitar da ita a karon farko, daga nan aka sallame shi. A ganina wannan ya iya iyo a bakin gaɓa, amma bai iya fid da kai ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ban yarda da wannan amfani ba. Hausawa kan faɗi maganar ne ga wanda shi da kansa yake cikin ruwan, alhali koci yana tsaye a gefen fili, wasu ne ke iyon. A wasan da ka ambata, ɗan bayan San Diego ya cafe ƙwallon da Tom Brady, madugun New England mai jefa ƙwallo, ya jefa ana dab da tashi, suna kan gaba, maimakon ya kwanta da ita sai ya zura da gudu, aka fizge ta daga hannunsa. Ina laifin koci a nan? Dubi Bill Belichick ma, wanda ya ɗauki kofin Super Bowl, wato na wasan ƙarshe na gasar, sau shida da New England: a shekaru biyar da ya yi a Cleveland, daga 1991 zuwa 1995, ya ci 36 aka doke shi 44, kuma bayan tafiyar Brady a 2020 sau ɗaya ya koma zagayen ƙwale, inda Buffalo ta lallasa shi da 47 da 17.

Malam Habu: Hajiya, da nasara ta rataya ga madugu mai jefa ƙwallo kaɗai, da Joe Gibbs bai ɗauki kofi uku a Washington da madugai uku dabam-dabam ba, wato Joe Theismann da Doug Williams da Mark Rypien.

Baba Ɗanladi: 'Ya'yana, ku ba ni dama. Karin maganar da ta fi dacewa da koci ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya", domin yawancin aikinsa yana ƙarewa ne kafin a busa usur. A wasan Super Bowl na watan Fabrairun 2015, Seattle tana da saura yadi ɗaya ta ci, sai ta zaɓi jifa maimakon gudu, wani sabon ɗan wasan New England, Malcolm Butler, ya sha gaban ƙwallon, New England ta tsira da 28 da 24. Jama'a sun yi ta zagin Pete Carroll, kocin Seattle, amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne an riga an gwada wa Butler irin wannan tsari a atisaye, har an ci shi da shi an gyara masa. A zagayen ƙwale abokin hamayya ɗaya ne tak a gabanka, don haka wanda ya fi nazarin ɗabi'unsa, kuma ya yarda ya sauya salon da ya saba domin wasa guda, shi ya fi kusa da nasara.

Hajiya Rabi: Na karɓi wannan, Baba, sai dai tanadi ma yana da iyaka. Andy Reid ya yi kaka 14 a Philadelphia, ya kai wasan ƙarshe na ɓangarensu, wato wanda ake yi kafin Super Bowl, sau biyar, bai ɗauki kofi ba, har ya yi suna wajen rashin iya tattalin lokaci idan wasa ya zo ƙarshe. Da ya samu madugu Patrick Mahomes a Kansas City sai ga kofuna a 2020 da 2023 da 2024. Shin sai da ya kai shekara 61 sannan ya koyi fafe gora?

Malam Habu: Ai Mahomes ba tsintuwa ba ne, Hajiya. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017 Kansas City ta sadaukar da gurabe masu tsada ta matsa daga na 27 zuwa na 10 don ta ɗauke shi, sannan Reid ya zaunar da shi a benci kusan kaka guda yana koyo a bayan Alex Smith. Idan gane yaro da rainonsa ba aikin koci ba ne, to ki faɗa mini na wane ne.