Wai ta ido ake gane ƙafa ta fara mutuwa?

Uwar Biyu: Salamu alaikum ƴan zaure, dan Allah shawara nake nema. Babanmu na da ciwon suga shekara 9 kenan yana shan metformin, to ƴan watannin nan kullum dare sai ya ce tafin ƙafarsa na ci da wuta kamar an barbaɗa barkono, da rana kuma ya ce kamar auduga yake takawa. Ƙanina ya turo min wani bidiyo wai yanzu hoton ido kawai ake ɗauka a gane jijiyar ƙafa ta lalace. Gaskiya ne ko dai irin na Facebook ne

Direban Tifa: Wa alaikumus salam Anti. Ai ni an min bara, an ɗiga min magani ƙwayar idon ta buɗe aka ɗauki hoto, wlh ranar ko tuƙi ban iya ba garara-garara na wuni ina gani. Ki kai shi asibitin ido kawai

Ɗan Aji Shida: Yaya Direba naka daban ne fa. Kai bayan ido aka duba maka, wato retina, ana neman ƙananan jijiyoyin jini da suga ke fasawa. Wanda Anti ke tambaya a gaban ido ake yinsa, wannan fatar mai kama da gilashi da ta rufe baƙin ido. Duk jikin mutum babu inda jijiyoyin ji suka yi cunkoso kamar nan, shi yasa ɗan ƙurar da ba ta kai komai ba in ta faɗa ido sai hawaye, kuma tunda wajen garau yake ana iya hango jijiyoyin da ransu ba sai an yanki mutum ba. Maganin kashe zafi ake ɗigawa, a sa ɗan jel, bakin na'urar ya ɗan taɓa idon, cikin ƴan mintuna an gama. A hoton mai lafiya za ki ga zare-zare farare dogaye sun jeru da rassa, na wanda suga ya taɓa kuwa sun yi ƙaranci sun gajarce kamar gonar da fari ya ci. Farfesa Rayaz Malik da abokan aikinsa a Manchesta ta Ingila suka fitar da binciken tun 2003, yanzu yana Doha a Ƙatar

Uwar Biyu: Ikon Allah. To me ya haɗa ido da ƙafa kuma

Ɗan Aji Shida: Sugan ɗaya ne ai Anti, ba ya zaɓe. Siraran jijiyoyi masu ɗauko zafi da sanyi su yake fara ci, gwajin lantarki da ake yi a ƙafa kuma manyan jijiyoyi yake aunawa, so mutum zai iya yinsa ya fito lafiya lau alhali ɓarna ta yi nisa. Da in ana son ganin siraran jijiyoyin sai an gutsuri fata kamar milimita 3 a kai lab a ƙirga su. Abin da ya fi burge ni ma, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda da pancreas, wato gaɓar da ke fitar da insulin, cikin wata 6 an ga jijiyoyin idon sun fara tsirowa

Nas ta Zaure: Ɗana duk abin da ka faɗa haka ne amma kar ka sa baiwar Allah ta shiga yawon neman na'ura. Mashin ɗin na kamfanin Heidelberg ne na Jamus, tsada gare shi kuma har yanzu yawanci a wuraren bincike ake amfani da shi, amfaninsa kuma shine a kama abin tun bai fito fili ba. Baba kam ya riga ya fito fili, bakinsa ya faɗa. Uwar Biyu yau da daddare ki sa ya kwanta ya rufe ido, ki taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin da ɗan yatsanki, a hankali kar ki danna kar ki sosa, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, kowace ƙafa. Shida kenan. In ya kasa jin biyu ko fiye to ƙafar na cikin haɗari. A asibitin Ipswich na Ingila aka ƙirƙiro gwajin kuma ko kwabo ba kya kashewa. A kilinik kuma ki ce a masa gwajin zaren roba mai giram 10 da ƙarfen nan mai rawa da ake ɗorawa a ƙashin yatsa

Hajiya Babba: Ƴata ki ji maganar Nas. Maigidana Allah ya jiƙansa, da hunturu ya miƙa ƙafa jikin kaskon garwashi yana jin rediyo, mu muka fara jin ƙaurin shi bai ji komai ba, wata huɗu muna wankin ciwon. Ki ɗauke masa kasko, ruwan alwala in kin ɗumama ki gwada da gwiwar hannunki tukuna, kuma a goge tsakanin yatsu bayan alwala. Mai yankan farce na kan titi da reza ma a sallame shi

Mai Kemis: A ba shi pregabalin da daddare zai yi barci sosai, akwai shi

Nas ta Zaure: A'a Malam, likita ya rubuta tukuna. Dattijo ne, maganin na sa jiri kuma sai an san lafiyar ƙodarsa kafin a yanke nawa zai sha. Sannan zafin kawai yake ragewa baya gyara jijiya. Kuma shekara 9 kan metformin dole a auna masa bitamin B12, maganin na rage shi, ƙarancinsa kuma shima irin wannan mutuwar ƙafar yake kawowa, a yi ta ɗora wa suga laifi. A haɗa da HbA1c, gwajin jinin da ke nuna yadda sugansa ya kasance a wata biyu zuwa ukun da suka wuce

Direban Tifa: To nawa hoton bashi da amfani kenan 😅

Ɗan Aji Shida: Yana da shi mana, duk shekara ma ya kamata ka koma. Anti shima Baba a masa, Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA in Kano kuke

Uwar Biyu: Na gwada yanzu bayan isha'i. Dama ya ji biyu, hagu babban yatsa kaɗai ya ji, yana ta min faɗa wai ban taɓa ba. Kuma na ga wani ɗan faso a diddigen hagun ya yi ja a gefe, shi bai ma san da shi ba

Nas ta Zaure: Kar ki jira ranar kilinik ɗinsa, gobe da safe ku tafi. Ki wanke da ruwa mai tsafta ki rufe da bandeji, kar a sa toka ko man zafi, ya sa takalmi rufaffe, ki kwaso duk kwalayen maganinsa a leda har na gargajiyan in yana sha