Wane suna za mu ba astironomi da 'yan'uwansa biyu?

Malam Habibu, Gwale:
Malamai, ina neman shawararku a kan fannoni uku da Turawa suke kira astironomi, astirofiziks da kosmoloji, domin a rediyo da jaridu akan haɗa su duka a ce "ilimin taurari" ko "ilimin sararin samaniya". Na farkon bai kwanta mini ba, saboda a Kano idan aka ce wane yana da ilimin taurari, mai duba ne yake zuwa zuciyar mai sauraro. Na biyun kuwa ya yi faɗi, har harba tauraron ɗan'adam ya kwaso.

Malama Bilkisu, Ƙofar Na'isa:
Allah ya gafarta Malam, astironomi ba ya bukatar sabon suna. "Ilimin falaki" tsohuwar kalma ce a zaurukan malamanmu, kuma da shi ake lissafin tsayuwar wata, lokutan salla, alƙibla da husufi. Ainihin aikin fannin ke nan: ina abu yake a sama, yaya tafiyarsa, nawa ne nisansa. Kaza da 'ya'yanta suna cikinsa, haka ma Zara, ko da yake ita ba tauraruwa ba ce a ma'aunin kimiyya, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu.

Malam Sagir, Kabuga:
Na yarda da falaki. Inda gizo ke saƙar shi ne fanni na biyu, wato astirofiziks, domin shi tambayarsa daban ce: da me aka yi tauraro, kuma me ke sa shi haske? Fannin ya kafu ne bayan da masana kimiyya Kirchhoff da Bunsen suka nuna a Jamus, wajen 1859, cewa kowane sinadari yana barin alamarsa a cikin haske idan aka rarraba shi launi-launi. Da wannan dabara aka gano iskar hiliyam a hasken rana a 1868, ba a kuwa same shi a doron ƙasa ba sai 1895. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa haidirojin da hiliyam ne mafi yawan abin da ke jikin taurari. Saboda haka nake ba da shawarar "ilimin ɗabi'ar taurari". Kalmar ɗabi'a ta raba shi da duba, ta kuma nuna cewa halin abin ake bincika.

Malam Habibu, Gwale:
Madalla. Kosmoloji fa? Na so in ce "ilimin asalin halitta".

Malama Bilkisu, Ƙofar Na'isa:
Ina ganin a guje shi, Malam, domin mai karatu zai zaci an shiga gonar malaman tauhidi, alhali fannin awo yake yi: yadda Edwin Hubble ya nuna a 1929 cewa tarin taurari masu nisa suna ƙara nisanta da mu, wato sararin samaniya yana faɗaɗa, da ragowar zafin farkon sararin samaniya da masana Penzias da Wilson suka bayyana a 1965, da ƙiyasin shekara biliyan 13.8 tun somawar wannan faɗaɗa. Ni "ilimin kaunu" na zaɓa. Bakano ya saba jin kaunu a bakin masu bege da ma'anar dukan samammu, kuma gajeriya ce.

Malam Sagir, Kabuga:
Na amince, da sharaɗin a yi wa ɗalibai bayaninta a karon farko, domin ba kowane yaron boko ne ya taɓa jin kaunu ba.