Waƙa ce ko zane?

Ɗalibin Zane: Jama'a, ku taya ni. Na rubuta kalmar "ruwa" sau ashirin a takarda, na jera haruffan suna gangarowa kamar yayyafi, can ƙasa na bar "a" guda ta faɗo ita kaɗai. Yayata ta duba ta ce wannan zane ne kawai, tunda ba amsa-amo, ba kari. Ni kuwa a raina waƙa na rubuta. Wa ya fi gaskiya?

Mai Alƙalami: Ɗan'uwa, ba kai ka fara ba. A 1918 aka buga littafin Guillaume Apollinaire na Faransa, Calligrammes, kuma a ciki akwai waƙar ruwan sama da layukanta biyar suka zubo a karkace. Wani marubucin waƙa ma, Eugen Gomringer, a waƙarsa ya maimaita "silencio", wato shiru, sau 14, ya bar gurbi ɗaya fari a tsakiya. Wannan gurbin shi ne shirun. Ka karanta ta da baki, ai ka kashe ta.

Hajiya Mai Karatu: To ni nan ne nake da ja. Abin da ba a rera shi, da wuya in kira shi waƙa. Amma ɗana, "a" ɗin nan da ka bari ta faɗo ta burge ni, har na ji ɗigon.

Ɗalibin Zane: Na gode, Hajiya. Matsalata yanzu, da na tura wa abokina ta waya, sai haruffan suka koma layi ɗaya, ruwan ya ɗauke.

Mai Alƙalami: Ɗauki hotonta ka tura.