Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa ne, kuma wace hanya ta fi wa tsohuwa sauƙi?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan kai mahaifiyarmu Umara in Allah ya yarda, ga ta da ciwon gwiwa. Mai yi mana tikiti ya ce akwai jirgin da ke tafiya kai tsaye, akwai kuma mai yada zango wanda ya fi araha. Don Allah awa nawa ake yi a sama?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Kai tsaye awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ki lura da agogo, Saudiyya na gabanmu da awa biyu. In kin ga tashi ƙarfe 12 na rana, sauka ƙarfe 7 na yamma, awa biyar ke nan, ba bakwai ba.

Hajiya Babba: 'Yata, ki biya na kai tsaye ko da bashi ne. Na taɓa bin ta Addis Ababa da yayata mai shekara saba'in da wani abu. Awa huɗu da 'yan kai zuwa can, sannan kamar biyu da rabi zuwa Jidda, wannan duk ba shi ne wahalar ba. Zaman jira ne. Garin kan tsauni yake, sanyin dare ya shiga ƙafafunta, muka kwana a kujera. Da muka isa Makka sai a keken guragu ta yi ɗawafi, tana kuka don ta so ta taka da ƙafarta. Har yau abin na damuna.

Maman Ummi: Subhanallahi. Allah ya ba da lada, Hajiya. Ta Alƙahira fa?

Baban Sadiƙ: Kusan haka take: wajen huɗu da rabi, sai kamar biyu zuwa Jidda. Ki duba tazarar da ke tsakanin jiragen biyu a tikitin, can ne magana take.

Abu Hafsa: A ƙara da wannan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, alhali nan ce miƙaƙƙiyar hanyarmu, jirage suka riƙa zagaye. Ki tambayi kamfanin awannin da suke yi yanzu, kar ki dogara da tsohon lissafi.

Malama Inna: Ni shawarata ki nemi mai sauka a Madina. Ta huta kwana biyu, ta yi ziyara, ku ɗauki harama a Zulhulaifa cikin natsuwa. Jirgin ƙasan Haramain zai kai ku Makka cikin kamar awa biyu da rabi. In kuwa Jidda ce, ta shirya tun daga gida, don a sama ake wuce miƙati.

Hajiya Babba: Kuma tun wajen yankar tikiti ki ce a tanadar mata keken guragu, da kujera ta gefen hanya don ta riƙa miƙe ƙafa. Maganinta ya zauna a jakar hannu.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan tambaye shi na Madina. Malama, tikitin jirgin ƙasan daga nan ake saye ko sai an isa?